Me Ƙwallon Ƙafa Ke Iya Yi wa Yarinyar da Ba Ta da Gata?

Ranar 19 ga Satumba, 2022, a filin wasa na Dasharath da ke birnin Kathmandu, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta matan Bangladesh ta lallasa ta Nepal da ci 3 da 1, ta ɗauki kofin Kudancin Asiya a karon farko. Da suka koma gida aka zaga da su birnin Dhaka a kan buɗaɗɗiyar bas, jama'a sun yi cincirindo a bakin titi. Abin da ya tsaya mini a rai a labarin shi ne takwas daga cikin 'yan wasan sun fito ne daga wuri ɗaya, wani ƙauye da ake kira Kalsindur a yankin Mymensingh, can kusa da iyakar Indiya, a gindin tsaunukan Garo.

A 2011 ne gwamnatin ƙasar ta ƙirƙiro gasar ƙwallon ƙafa ta 'yan matan firamare, wadda aka fi sani da kofin Bangamata. Wani malamin makarantar ƙauyen, Mofiz Uddin, ya yi ta bin iyaye da lallashi har suka sakar masa 'ya'yansu. Daga 2013 makarantar ta ɗauki kofin sau uku a jere. Wannan kuwa a ƙasar da alƙaluman UNICEF suka nuna kusan rabin matanta ana aurar da su ne kafin su cika shekara 18.

Irin wannan labari ne ya sa ƙungiyoyin agaji da yawa a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka suka rungumi ƙwallon ƙafa a matsayin hanyar tallafa wa 'yan mata marasa gata: marayu, 'ya'yan talakawa, waɗanda aka cire daga makaranta, da waɗanda yaƙi ya jefa sansanin gudun hijira. Wanda ya ji batun ya ce anya kuwa, ba zan ga laifinsa ba. Yarinyar da ta kwana da yunwa, wadda kuɗin makaranta ya gagari iyayenta, ina ruwanta da ƙwallo? Roba ce aka hura wa iska. Ba ta sayen littafi, ba ta sauke zazzaɓi. Tambayar tana bisa hanya, kuma kofin Kathmandu bai amsa ta ba, domin cikin dubban yaran da ke shiga irin waɗannan shirye-shirye 'yan ƙalilan ne za su taɓa saka rigar ƙasa. Idan har akwai amfani, dole a neme shi a wurin sauran, waɗanda babu wanda zai taɓa jin sunansu a rediyo.

Don a gane amfanin, sai an fara duba abin da ke samun yarinya lokacin da ta fara girma. Masu bincike na ƙungiyar Population Council sun taɓa yin wani gwaji mai sauƙi a lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu. Sun ba yara takarda suka ce kowane rukuni ya zana taswirar yankinsa, wato wuraren da yake zuwa, ya kuma nuna inda yake jin tsoro. 'Yan ajin biyar na firamare, maza da mata, taswirarsu ba ta da wani babban bambanci. Amma da aka zo kan waɗanda suka balaga, sai ga taswirar maza ta faɗaɗa, ta mata kuwa ta tsuke ƙwarai. Namiji yana girma duniya na buɗe masa. Mace tana girma duniya na matse ta. Tsoron fyaɗe da tsoron surutun mutane su ne ke jawo haka, kuma iyayen da ke tsare 'yarsu a gida galibi don ƙauna suke yi. Sai dai sakamakon ɗaya ne: ƙawaye sun ragu, labari ya daina isowa, ga aikin gida ya ƙaru. UNICEF ta ƙiyasta a 2016 cewa 'yan mata masu shekara 5 zuwa 14 sun fi maza sa'o'insu ɓata lokaci a aikin gida da kashi 40 cikin ɗari. Ɗiban ruwa, neman itace, rainon ƙanne, wanke-wanke.

Yarinyar da aka killace haka, ranar da wani abu ya same ta, wa za ta gaya wa? Nan ne gizo ke saƙar. Rauninta bai tsaya ga talauci ba. Kaɗaici ne ke ninka shi. Mai son cutar da ita ya san babu mai tambaya.

To, ga abin da ƙungiyar ƙwallo ke kawowa. Ana ba yarinya dalilin fita daga gida wanda kowa ya sani, a ranaku sanannu, zuwa wuri sananne. Tana haɗuwa da sa'o'inta goma sha biyar ko ashirin waɗanda ke buƙatarta, domin in mai tsaron raga ba ta zo ba atisaye ya lalace. Akwai babbar mace da ke kiran suna, ta san wadda ta zo da wadda ba ta zo ba. Masana harkar suna kiran wannan amintaccen wuri, kuma ba sabon tunani ba ne: shirin Ishraq da aka fara a ƙauyukan kudancin Masar a 2001 ya haɗa karatu da rubutu da wasanni ga 'yan matan da ba sa zuwa makaranta, a cibiyoyin matasa da a da maza kaɗai ke shiga. Ana iya tara yara da ɗinki ko waƙa, gaskiya ne. Abin da ƙwallo ta fi su da shi shi ne arha da farin jini. Ƙwallo ɗaya ta ishi mutum ashirin da biyu, duwatsu biyu sun isa raga, kuma uban da bai taɓa jin sunan wata ƙungiyar agaji ba ya san mene ne ci, ya san mene ne kofi. Sannan a fili ake buga ta, a idon jama'a. Filin da aka saba ganin samari a kansa kullum, ranar da 'yan mata suka karɓe shi na awa biyu, duk unguwa ta ga wani abu da ba ta saba gani ba.

Akwai kuma jikin yarinyar kanta, wanda ba a cika magana a kansa ba. Tun tana ƙarama ake koya mata ta rage murya, ta sunkuyar da kai, ta matsa gefe. A fili kuwa dole ta ɗaga murya ta nemi a ba ta ƙwallo, ta sa kafaɗa ta kare abin da ke ƙafarta, ta faɗi ta tashi ba tare da ta jira a ɗaga ta ba. Na yi imani wannan yana bin ta har wajen fili, ko da yake ba abu ne da ake iya aunawa da sikeli ba.

Misalin da ya fi gamsar da ni yana gundumar Kilifi, a gaɓar tekun Kenya, ɗaya daga cikin yankunan ƙasar da talauci da ɗaukar ciki a ƙuruciya suka yi wa katutu. A farkon shekarun 2000 aka kafa ƙungiyar Moving the Goalposts a can, da hannun wata 'yar Ingila mai suna Sarah Forde. Takensu kalma ɗaya ce ta Swahili, "Tunaweza", ma'ana za mu iya. Abin da ya bambanta su shi ne 'yan matan ne ke gudanar da gasar da kansu. Su ne masu horarwa, su ne alƙalan wasa, su ne masu ba da agajin gaggawa, su ne ke zaunar da ƙannensu kafin wasa ko bayansa su tattauna jinin al'ada da ciki da cutar ƙanjamau da haƙƙin yarinya. Ka yi tunanin yarinya 'yar shekara goma sha shida da usur a baki, ta busa, ta nuna bugun fenariti, 'yan kallo maza na ihu, ita kuwa ta tsaya kan hukuncinta. A ina kuma za ta samu irin wannan horo? Wadda ta yi hidima ana lissafa mata, kuma lissafin kan kai ta ga samun tallafin karatu. Akwai irin wannan dabara a ƙungiyar wasanni ta matasan Mathare da ke Nairobi, wadda aka kafa a 1987, ta buɗe wa 'yan mata ƙofa a 1992, inda ƙungiya ke samun maki a teburin gasa idan ta fita kwashe shara a unguwa, ba sai ta ci wasa kaɗai ba.

A kudancin Afirka kuwa, ƙungiyar Grassroot Soccer ta ɗauki wata hanya. Tommy Clark, wanda ya taɓa buga wa ƙungiyar Highlanders ta Bulawayo a Zimbabwe kafin ya zama likitan yara, shi da abokansa suka kafa ta a 2002, bayan ya ga yadda ƙanjamau ke ɗauke abokan wasansa. Sun mayar da darasin lafiya wasa. A ɗaya daga cikin wasanninsu, yara kan jeru layi biyu suna fuskantar juna, kafaɗa da kafaɗa, hannuwa a baya. Layi ɗaya na miƙa wata 'yar ƙaramar ƙwallo daga hannu zuwa hannu a ɓoye, ɗaya layin kuma ya canki wanda ke riƙe da ita. Ana ta kuskure, ana ta dariya. Daga nan mai horarwa ta ce ƙwallon nan ita ce ƙwayar cutar HIV. Kun ga ba a gane mai ɗauke da ita da ido, sai da gwaji. A wani wasan kuma ana jera alamomi a fili, kowace na wakiltar wani haɗari, kamar mu'amala da namijin da ya girme ki nesa ba kusa ba. Yarinya ta bi da ƙwallo tsakaninsu. In ta taɓa ɗaya a zagayen farko ita kaɗai ke biyan tara da motsa jiki, a zagaye na gaba kuwa duk ƙungiyarta ce ke biya. Darasin ya shiga ba tare da an yi doguwar lacca ba. Kuma akwai dalilin gaggawa: hukumar UNAIDS ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙanjamau ta ce a 2023 kimanin 'yan mata da matasan mata 4,000 masu shekara 15 zuwa 24 ne ke kamuwa da cutar duk mako a duniya, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara.

Sai shirin ƙwallon 'yan mata na Yuwa, a jihar Jharkhand ta Indiya, yankin da ya yi ƙaurin suna wajen aurar da yara da safararsu zuwa aikatau a manyan birane. Wani Ba'amurke, Franz Gastler, ya fara shirin a 2009 a ƙauyukan da ke kusa da Ranchi. A 2013 'yan matan suka samu gayyatar gasa a Sifaniya, inda suka zo na uku a kofin Gasteiz. Amma kafin tafiyar sai da suka nemi takardar haihuwa don yin fasfo, kuma jaridun Indiya sun ruwaito yadda aka wulaƙanta su a ofishin ƙaramar hukuma, aka mari wasu, aka sa su shara. Wannan ya tona wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba: yarinya marar gata sau da yawa ba ta da ko takardar da ke nuna an haife ta. Wadda ba ta da takardar haihuwa ba ta da hujjar shekarunta ranar da aka zo aurar da ita ko aka kai ƙara kotu. Rajistar gasa takan zama karon farko da wani ya damu ya nema mata. A 2015 Yuwa ta buɗe makarantarta, domin ta gane ƙwallo ta kawo yaran amma makarantun da suke zuwa ba sa koya musu abin kirki. Manyan 'yan matan suna horar da ƙanana, ana biyansu, da kuɗin suke biyan kuɗin makaranta.

Idan aka lura, a duk misalan nan uku ƙwallo ƙofa ce kawai. Abin da ke cikin ɗakin shi ne makaranta, asibiti, takarda, ɗan kuɗin shiga, da mace mai sauraro. Masanin zamantakewa Fred Coalter, wanda ya daɗe yana bin diddigin irin waɗannan shirye-shirye, ya raba su gida biyu: waɗanda wasa ne gaba sai a ɗan yafa musu darasi, da waɗanda tarbiyya da karatu ne gaba, wasa kuwa abin jawo yara ne. Ya kuma sha gargaɗin cewa ana yawan yi wa wasanni kirarin da ya fi ƙarfinsu. Ina tare da shi a nan. Duk shirin da ya raba riguna da ƙwallaye, ya ɗauki hoto, ya ce ya ƙarfafa 'yan mata, bai yi komai ba tukuna.

Batun iyaye ya cancanci a daɗe a kansa, domin nan ne yawancin shirye-shirye ke tashi ko su faɗi. Baƙon da ya zo da takardar tallafi yakan ɗauki ƙin amincewar iyaye a matsayin jahilci. Kuskure ne babba, kuma rashin ladabi ne. Uwar da ta ce a'a tana da tambayoyi na haƙiƙa. Wa zai ɗebo ruwa in ta tafi? Wa zai rako ta in duhu ya yi? Wane ne wannan namijin da zai riƙa tafiya da ita wani gari? Me za ta saka, wa zai kalle ta? In ta karye, wa zai biya kuɗin ɗori? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shirin da ya yi nasara shi ne wanda ya zauna ya amsa waɗannan ɗaya bayan ɗaya: aka sa lokacin atisaye inda bai ci karo da aikin gida da makaranta ba, aka tashi kafin rana ta faɗi, yara suka riƙa tafiya rukuni-rukuni, aka gayyaci iyaye mata su zo su gani da idonsu, aka nemi shawarar malaman addini da shugabannin gari tun kafin a fara, ba bayan rigima ta tashi ba. Gani ya kori ji. Uban da ya tsaya a gefen fili ya ji ana kiran sunan 'yarsa ana tafi, ba kasafai yake komawa gida da ra'ayin da ya zo da shi ba.

Sutura kuwa ba ƙaramin al'amari ba ce, kuma hukumomin ƙwallo da kansu sun daɗe suna tare hanya. Daga 2007 aka hana wasa da hijabi a gasannin FIFA. A watan Yunin 2011 aka hana matan Iran buga wasan neman gurbin Olamfik da Jordan a birnin Amman saboda lulluɓin kansu. Sai a 2014 aka halatta shi baki ɗaya, bayan fafutukar da Yarima Ali bin Al Hussein na Jordan ya shige wa gaba. A 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta zama ta farko da ta buga gasar cin kofin duniya ta manyan mata sanye da hijabi. Ga yarinya Musulma a kowane lungu na duniya wannan hoto hujja ce da za ta iya nuna wa mahaifinta. Kuma kada wani ya ɗauka hana mata ƙwallo halin ƙasashe matalauta ne: Ingila ta haramta wa mata filayen ƙungiyoyinta daga 1921 har tsawon shekara hamsin, Brazil kuma ta kafa dokar hana su a 1941, ba a ɗage ta ba sai 1979.

Akwai ƙananan abubuwa da ke korar yarinya daga fili ba tare da ta faɗa wa kowa ba. Babu banɗaki. Babu audugar mata. An raba farin wando. Ƙirjinta ya fara fitowa kuma ba ta da rigar da za ta riƙe shi in tana gudu. Namijin da ke tsara shiri a ofis ba lallai waɗannan su faɗo masa a rai ba, amma su ne ke sa 'yar shekara goma sha uku ta daina zuwa. Ko 'yan wasan Ingila sai a 2023 suka samu aka canza musu farin wando zuwa shuɗi saboda wannan damuwa.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi ɗaga mini hankali. Duk abin da ya sa ƙwallo ke da tasiri, shi ne kuma ya sa take da haɗari. An tara yara marasa gata wuri ɗaya, an koya musu su amince da mai horarwa, shi ke zaɓen wadda za ta buga da wadda za ta zauna a benci, shi ke da ikon tafiya da tallafin karatu. Idan mugu ya samu wannan kujera, an ba kura ajiyar nama. Ba zato ba ne, ya faru, har a matakin ƙoli. A 2018 'yan wasan ƙungiyar matan Afghanistan, da taimakon tsohuwar kyaftin ɗinsu Khalida Popal, suka fallasa cin zarafin da ake yi musu. A watan Yunin 2019 FIFA ta haramta wa shugaban hukumar ƙwallon ƙasar, Keramuddin Karim, shiga harkar har abada, ta ci shi tarar kuɗin Suwizalan miliyan ɗaya. Ƙungiyar da duniya ke nunawa a matsayin alamar 'yancin mata, ashe a cikinta ake cutar da su. A shekarar ce FIFA ta fito da tsarin kare yara da ta kira FIFA Guardians. To in haka ta faru a ƙungiyar ƙasa da idon duniya ke kanta, ina ga ƙaramar ƙungiya a ƙauyen da babu ɗan jarida?

Shi ya sa a ganina babu shirin da ya cancanci ko sisin kwabo in bai amsa wannan ba: in mai horarwa ya taɓa yarinya, wa za ta gaya wa wanda ba abokinsa ba ne, ba kuma a ƙarƙashinsa yake ba? Dole a binciki tarihin duk wanda za a ɗauka. Dole a hana babba keɓewa da yarinya, ko a mota, ko a ɗaki, ko a waya. Dole a samu mace a duk tafiya. Takardar ƙa'idoji da ke kulle a durowa ba ta kare kowa. Yaran ne ya kamata su san ƙa'idojin da bakinsu, su kuma taɓa ganin an kori wani saboda ya karya su.

Sannan su wane ne ke zuwa filin tun farko? Yawanci waɗanda iyayensu suka riga suka sassauta, waɗanda ke makaranta, masu ƙoshin lafiya. 'Yar aikin gida da ke kulle a gidan mutane ba ta zuwa. Wadda aka riga aka aurar ba ta zuwa. Mai goyo, mai naƙasa, wadda ke jinyar uwa, duk ba sa zuwa. Saboda haka in rahoto ya ce 'yan ƙungiyarmu sun fi sauran yara kammala makaranta, sai a tambaya: ƙwallon ce ta sa, ko kuwa dama waɗanda za su kammala ne suka shigo? Wannan ita ce babbar matsalar hujjojin da ake bayarwa a fannin. Abin da ya fi sauƙin nunawa shi ne ƙaruwar sani, kamar yadda cuta ke yaɗuwa, da ƙaruwar ƙarfin gwiwa. Nuna cewa an jinkirta aure ko an rage ɗaukar ciki ya fi wuya nesa, domin waɗannan ba a hannun yarinyar kaɗai suke ba. Za ka iya koya mata ta ce a'a, amma in bashi ya ci gidan kuma mai neman aurenta ne ke ciyar da su, a'arta ba ta da nauyi. Har ma akwai zalunci a koya wa yarinya haƙƙinta sannan a mayar da ita inda babu mai kare mata shi. Wannan ne dalilin da ya sa shirye-shirye masu hangen nesa ke haɗawa da iyaye maza da 'yan'uwa maza, suna kuma neman hanyar da gidan zai samu sauƙi, ko tallafin karatu ko sana'a.

Bangladesh ɗin da muka fara da ita ta nuna iyakar abin. Ƙungiyar ta sake ɗaukar kofin a 2024. Amma a watan Maris na shekarar, wata da ta taɓa buga wa ƙungiyar matasa ta ƙasar, Razia, ta rasu a yankin Satkhira jim kaɗan bayan ta haihu. Rigar ƙasa da lambar yabo ba su kai ta ga kulawar da za ta ceci ranta ba. A farkon 2025 kuma aka soke wasannin mata a wasu gundumomin arewacin ƙasar bayan masu adawa sun yi zanga-zanga. A Afghanistan kuwa, da gwamnati ta sauya a watan Agustan 2021, aka rufe wa mata wasanni gaba ɗaya, 'yan wasan ƙasar da dama suka tsere zuwa Ostireliya. Abin da aka gina cikin shekaru yana iya rushewa cikin mako guda.

Mafarkin zama tauraruwa ma yana buƙatar taka-tsantsan. Barbra Banda ta Zambiya da 'yan gida ɗaya Tabitha da Temwa Chawinga na Malawi sun nuna ana iya fitowa daga gidan talaka a kai ƙoli, kuma yara na buƙatar irinsu su kalla. Amma mai horarwar da ya bar yarinya ta yi watsi da karatu saboda ƙwallo ya cuce ta. Gwiwa ɗaya ce ke tsinkewa, shi ke nan.

Kuɗi kuwa galibi daga waje yake zuwa, na shekara biyu ko uku, daga masu son ganin adadi mai yawa da hoto mai kyau. Yarinyar da ta shiga tana shekara goma tana buƙatar a riƙe ta har ta kai sha takwas, tallafin kuma ya ƙare tana sha uku, daidai lokacin da haɗarin ke farawa. Abin da ke saura bayan motar ƙungiya ta tafi shi ne mutanen da aka horar a wurin, da kuma duk abin da aka cusa cikin tsarin gwamnati. Kalsindur ba baƙo ne ya gina ta ba. Gasar makarantun gwamnati ce da malamin ƙauye. Kilifi da Jharkhand kuwa sun dogara ne da yaran jiya da suka zama masu horarwar yau, waɗanda suka san kowane gida da abin da ke cikinsa.

Da za a kai ni ganin irin wannan shiri, ba kofunan da ke kan kanta zan fara tambaya ba. Littafin kiran suna zan ce a ba ni. In buɗe, in nemi sunan da aka yi wa alamar rashin zuwa sau uku ko huɗu a jere, in tambayi mai horarwa ina wannan yarinya take. In ta ce ba ta sani ba, na gane irin shirin. In kuwa ta ce ai ranar Talata ta je gidansu, ta tarar uwar ba ta da lafiya kuma an fara maganar tura yarinyar aikatau birni, ta zauna da uban, sun yi da shi za ta koma ranar Asabar tare da shugabar makarantar, to zan nemi a bar ni in raka su ranar Asabar ɗin.